Ranar da Aka Sayar Mini da Jaririya

A shekarun da na yi ina aiki da masu jego a Tamale abubuwa da yawa sun wuce, wasu har fuskokin masu su sun fara ɓace mini. Amma akwai guda ɗaya da na san zai zauna tare da ni har a kai ni makwancina, wato ranar da wata tsohuwa ta ajiye jikarta a bakin juji ta ce in saya.

Ni ba nas ba ce, karatuna ma bai yi nisa ba. Bahaushiya ce ni, a unguwar Sakasaka aka haife ni, na tashi ina jin Dagbani, yaren Dagomba, kamar Hausa saboda maƙwabta. Dalilin da ya sa wata ƙungiya mai kula da mata da yara ta ɗauke ni ke nan. Da farko gida-gida nake bi ina duba masu jego, da na daɗe sai aka ce in riƙa koya wa sababbin ma'aikata. Yawancinsu 'yan kudu ne, sun fi ni makaranta, amma ba su san yadda ake shiga gidan Dagomba ba. Nakan koya musu su durƙusa su gaida tsofaffi kafin su tambayi mai jego, su yi ta amsa "naa" har gaisuwa ta ƙare, kada kuma su ƙi ruwan da aka miƙo. Cikin dokokin aikin akwai biyu da nake nanatawa kullum: kada kuɗi ya shiga tsakaninki da gidan da kike dubawa, kuma idan kika ji ana maganar ba wani yaro, ki kai rahoto ofis a ranar.

A shekarar da abin ya faru ne 'yata ta rasu wajen haihuwa, ita da abin da ke cikinta. Ita kaɗai Allah ya ba ni. Ba zan tsawaita a kan wannan ba. Bayan sadakar arba'in na koma aiki, don zaman gida ya fi mini nauyi, amma na roƙi a bar ni a aji. Da 'yar tsana nake nuna yadda ake riƙe jariri, ba na taɓa na gaske. Shugabarmu ta gane, ta bar ni a hakan.

Cikin ɗalibaina na lokacin akwai wata yarinya Kirista daga wajen Kumasi, tana zaman haya a unguwar Vittin, kullum a kan babur take zuwa. Hausar kasuwa take yi, wadda mace da namiji duk "shi" ne, kuma Maama take kirana. Wata rana bayan an tashi ta tsaya ta ce gidan da aka ba ta ta riƙa dubawa a bayan unguwar Bulpiela ya dame ta. Mai jegon ta binne yara uku a jere, babu wanda ya kai yaye. Yanzu ta haifi mace, ta zo wanka gidan iyayenta, amma ba ta kai yarinyar awo ba, ba a yi mata allurar rigakafi ba, nono ma sai an matsa mata take bayarwa. Ɗalibar ba ta jin Dagbani, su kuma Hausar gidan kaɗan ce. Na fara neman wadda zan haɗa ta da ita, sai ta katse ni.

"Maama, yaron nan shi na ramewa. Ka zo ka gani da idonka."

Washegari da hantsi ta goya ni a babur muka tafi. Mun tarar da matan gidan suna dama man kaɗe a tsakar gida. Mai jegon na zaune a bakin ɗaki ta ba ƙofa baya, jaririyar kuwa tana ciki a kan wani tsohon zane. An raɗa mata suna, amma ba wanda ke kiranta da shi. Daga inda nake na hango ƙafafunta, ban matsa kusa ba.

Mahaifiyar mai jegon, tsohuwa doguwa mai ƙarfin murya, ita ta karɓe mu. Muna cikin gaisuwa ta tsaya ta saurari Dagbanina da kyau, ta tambaye ni ko ni 'yar Hausawa ce. Da na ce e, sai ta juya ta kalli matan, suka bar abin da suke yi. Ta ce sun daɗe suna neman baƙuwa 'yar wata ƙabila da za ta sayi yarinyar nan, ga shi Allah ya kawo ta har gida.

Na san al'adar tun ina ƙarama. Idan yaran mace suna ta mutuwa, sai a sayar da na gaba ga baƙo a gaban jama'a, a riƙa kiransa da sunan ƙabilar wanda ya saya, sannan a mayar wa uwar ta raine shi a matsayin ɗan wani. Yaron ba ya barin gida. Na yi wasa da yara masu irin waɗannan sunaye, amma ba a taɓa cewa ni in saya ba. Da na fassara wa ɗalibar, ta miƙe tsaye, wayarta a hannu. Ta ce ai ni da bakina na koya musu cewa irin wannan magana ba a kwana da ita. Gaskiyarta ce. Na ce wa tsohuwar za mu dawo, muka kama hanyar ofis.

A hanya na yi mata bayanin yadda abin yake, iska na kwashe rabin maganar. A gaban shugaba na faɗi duk abin da ya faru, na ƙara da cewa ni ba na so, don doka ta hana, kuma addinina bai koya mini cewa ana yi wa mutuwa dabara ba. Akwai dalili na uku da ban faɗa ba, amma ina jin su biyun sun san shi. Shugaba ta saurare ni har ƙarshe. Ta ce idan muka ƙi, gidan za su rufe mana ƙofa cikin ladabi, su nemi wata baƙuwar a kasuwa, yarinyar kuma ta ci gaba da ramewa ba mu gani.

Ɗalibar ce ta warware. Ta ajiye wayar a kan tebur ta dube ni.

"Maama, in ka sayi kaya a kasuwa, kayan na wane ne?"

Na ce na wanda ya saya.

"To shi ke nan. Ka saya. In ka ce a kawo kayanka awo, wa zai ce a'a?"

Shugaba ta yi dariya har da riƙe baki. Ta ce mu je mu biyu, mu faɗa a gaban mutane cewa yarinya na nan wurin uwarta, kada kuma ko sisi ya fita daga jakata. Ta ce rahoton da doka ta nema ga shi mun kawo, ita ta ji, ita ta ba da izini. Sannan ta dube ni ta ce idan na ji ba zan iya ba, ba laifi ba ne. Na ce zan gwada.

Da muka koma na ja tsohuwar gefe na gaya mata gaskiya, cewa ni ban yarda wannan abu yana tsare rai ba, rai na hannun Allah. Na yi zaton za ta ji haushi. Sai ta ce ita ma tana salla. Ta nuna 'yarta da haɓa.

"Kakanninmu sun ce ɓoye yaro ake yi. Ni ban sani ba, 'yata. Abin da na sani, muddin yarinyar nan tata ce, ba za ta iya kallonta ba. Tsoro take ji ta so ta."

Na daɗe ina koyar da mutane alamomin uwar da ba ta kula da ɗanta, amma ban taɓa jin wanda ya faɗi abin haka ba.

Aka sa jaririyar a kwandon da suke kai tumatir kasuwa, aka fitar da ita ƙofar gida aka ajiye kusa da juji. Maƙwabta suka taru. Tsohuwar ta fara talla da ƙarfi kamar mai sayar da kuɓewa, tana cewa ga kaya nan ba su da amfani, ko nawa aka taya za ta sallama. Da na gaya mata ba a yarda in fitar da kuɗi ba, ta kwance bakin zanenta ta zuba mini 'yan wuri a hannu, ta ce in biya da su. Wata maƙwabciya ta ce ita dai tun da take ba ta taɓa ganin inda mai kaya ke ba mai saye kuɗi ba, sai yau da aka haɗu da Bahaushiya. Aka yi dariya. Ɗalibata ma ta shiga ciki, tana cewa kayan sun yi tsada, babu nama a jiki, a rage mana. Tsohuwar ta kore ta da hannu ta ce 'yan Kumasi ba su iya ciniki ba sai surutu.

Na miƙa 'yan wurin, aka ce an sallama. Abin da ya rage shi ne mai saye ta ɗauki kayanta.

Na sunkuya na ɗauke ta. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Tana ƙamshin man kaɗe, kanta ya zauna a gwiwar hannuna daidai inda ya kamata, ba tare da na yi tunani ba. Na tsaya a wurin fiye da yadda al'adar ta nema, kuma ba wanda ya ce in yi sauri. Ɗalibar ta matso ta tsaya a gefena, kafaɗarta na taɓa tawa.

Aka ce in yi 'yar tafiya da ita kamar na tafi, sannan in dawo in nemi mai raino. Na je har gindin wata bishiyar dogon yaro na juyo, na shiga gidan na durƙusa a gaban mai jegon. Na ce mata da Dagbani na sayi yarinya amma ba ni da nono, ko za ta riƙe mini ita. Ba ta ɗago kai ba. Can ta yi magana a hankali, ita ce kuma maganarta ta farko da na ji.

"In ta mutu a hannuna fa?"

Na ce, "Tawa ma a hannuna ta rasu, bana. Ba zan ce ki biya ni ba. Amma wannan yau tana da rai, kuma yunwa take ji."

Ta ɗago ta dube ni sosai, sannan ta miƙo hannu. Ta karɓe ta ta sa mata nono, ta kuma sunkuyar da kai tana kallon fuskarta, tana gyara mata kunne da ɗan yatsa. Tsohuwar ta juya ta koma wajen man kaɗenta tana yi wa matan faɗa wai sun bar shi ya daskare.

Kafin mu tafi na kafa sharuɗɗana a gaban kowa. Na ce yarinyata za a riƙa kai ta awo, a yi mata allurarta, kuma wannan 'yar kudun ita ce 'yar aikena, duk ranar da ta zo a buɗe mata ƙofa, abin da ta ce ni na ce. Mai jegon ta ce, "To, mai kaya." Har da ɗan murmushi.

Ba a rana ɗaya abin ya gyaru ba. Nonon ya ɗauki lokaci kafin ya wadata, kuma da damina sai da aka kwantar da yarinyar a asibiti saboda zazzaɓi. Amma uwar ce da kanta ta goya ta ta kawo tun zazzaɓin bai yi nisa ba, ta aiko a gaya mini kayana ba lafiya. Ɗalibar ta yi ta zirga-zirga gidan har ta koyi Dagbani mai ban dariya, tsohuwar kuma ta koma ba ta cin tuwon rana sai ta ajiye mata nata. Ni ma daga nan na koma bin gidaje kamar da.

Yarinyar yanzu tana firamare. A gidansu da wani suna suke kiranta wanda a yarensu yake nufin Bahaushiya. Kowace salla ana kawo mini ita Sakasaka ta wuni, in yi mata kitso, ta cinye mini ƙosai, da yamma uwarta ta zo ta ce ta zo karɓar aron da na ba ta. Ba ta maye mini gurbin 'yata ba, ban kuma nemi ta maye ba. Amma ina jin daɗin ranar.

Ban ce 'yan wurin nan ne suka raya ta ba, Allah ne ya raya ta. Dokokinmu ma suna nan yadda suke, har gobe ina cewa a kai rahoto a ranar. Abin da na ƙara a koyarwata guda ne, shi ne kuma darasin da na ɗauka. Idan kika ga uwa ta juya wa ɗanta baya, kada ki yi saurin cewa ba ta so. Zauna tukuna ki nemi abin da ya riƙe mata hannu. Sau da yawa tsoro ne, kuma ba a cire wa mutum tsoro da bayani. Sai an sami wanda zai ce mata, wannan yaron namu ne ni da ke, in wani abu ya faru ba ke kaɗai za ki ɗauka ba.