Ranar da hannuna ya ƙi bin zanen lalle

Salamu alaikum 'yan'uwa. Wata bakwai ke nan ban sa hoton lalle ko ɗaya a nan ba. Masu tambaya ko na bar Yamai, ina nan unguwar Lazaret. Yau dai na samu ƙarfin magana.

A ƙafar wata amarya a unguwar Bobiel abin ya fara. Ina tsakiyar zana fure sai yatsana ya fizge da kansa, layin ya karkace. Na goge, na sake. Can kuma na tsaya ina kallon ƙafar, na rasa ta inda zan ci gaba, zanen da na shekara goma ina yi.

Na ce gajiya ce. Sai kofi ya riƙa suɓuce mini. In sa gishiri sau biyu a miya. In hau yarana da faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Maigidana ne ya fara magana. "Hadiza, kafaɗarki na motsi ko kina zaune. Kin lura?"

Na lura mana. Haka Innarmu ta fara can Tawa. Aka ce iska ce, aka yi ta hayaƙi har Allah ya ɗauki abarsa.

Da muka je asibiti, likitan jijiya ya sa na taka layi ɗaya, na bi yatsansa da ido, na yi ƙirga da baya. Aka ɗauki hoton kaina da na'urar skana. Da na ba shi labarin Inna sai ya ajiye bironsa. Ƙasar waje aka aika jinina, awarwaron aurena na sayar na biya. Wata biyu muna jira.

Cutar Huntington ce, gadonta ake yi.

"Madam, babu maganin da ke kawar da ita," in ji likita. "Amma farkonta kike, akwai abin da za mu yi."

Na ce 'ya'yana biyu fa? Ya ce kowannensu zai iya gada, zai iya tsira. In sun girma su za su zaɓi yin gwaji.

Sati uku ban fita ɗaki ba.

Sai ga yayata Mariyama daga Tawa. Ta zauna bakin gado, ta miƙo mini tafin hannunta. "Zana mini."

"Yaya, zai karkace."

"Ni da na yi jinyar Inna shekara tara, karkataccen lalle ne zai ba ni tsoro? Zana."

Na zana, muna kuka mu biyu.

Ba zan yi muku ƙarya ba, cutar tana nan. Tsoron ne ya sake ni. Magani ya rage fizgar da ƙuncin rai. Ina zuwa motsa jiki asibiti duk Talata da Alhamis, abin da nake gudun mantawa ina rubuta shi a ɗan littafina. Yanzu mata huɗu nake koya wa lalle a tsakar gida.

Alhamdulillahi. Maigida, Yaya, ma'aikatan asibiti, da ku da kuka yi ta cigiyata, Allah ya saka da alheri.

In irin wannan ya taɓa bin wani a danginku, kuma kun ga hannu na fizga ko mantuwa ta yi yawa, ku je asibiti, ku faɗa wa likita tarihin gidanku duka. Kada ku je karɓar sakamako ku kaɗai.

Wanda kuma ciwon ya yi nisa da shi, kada ku rufe shi a ɗaki don kunyar baƙi. Ku fito da shi inuwa, ku yi hira da shi. Yana jin ku.