Baffa Lawali da Baƙonsa Kayon

Kun dai san Baffa Lawali bai taɓa fita ba alli a aljihu. Bangon da bai zana ba a unguwar Birni, sai dai bai bi ta wannan lungun ba. Ya yi binciken kimiyya a Turai, ya dawo Damagaram yana koyarwa a lise, babbar sakandare, ana ce masa mushe, wato malam, burinsa ɗaya tak: kafin ya mutu, ko mutum guda a gidanmu ya gane aikin da ya yi a can.

Kai, mun sha bayani! Ya tsare ka a zaure, ido na ƙyalli: "Ƙwayar zarra gida ce, maigida na tsakiya. Sai mu cusa baƙo mai nauyi, sunansa kayon. Yana saukowa hawa-hawa, duk saukar da ya yi sai ya fitar da haske. Da ya matso kusa da maigida, hasken ya ɗan kauce wa lissafi. Wannan kaucewar muke aunawa, mu san ƙarfin da ke tsakaninsu!"

Ran nan ya yi wa ɗan kabu-kabun da ya ɗauko shi a babur wannan karatun tun daga unguwar Zango. Mutumin ya gyaɗa kai ya ce, "To mushe, yaushe za ku gama bam ɗin?"

"Tsaya! Sauke ni!"

Da ƙafa ya ƙarasa gida cikin rana tsaka, yana huci.

Da mijina, ɗan kasuwar Kano, ya zo neman aurena, Baffa bai tambayi asalinsa ba. Cewa ya yi, "Me ke riƙe da tsakiyar ƙwayar zarra?"

Bawan Allah ya share gumi. "Ikon Allah, Baffa."

"Gaskiya ne! To nawa ne ƙarfinsa?"

Da ƙyar aka ƙwato mini miji.

Babbar abokiyar faɗansa kuwa yayarsa ce, Gwaggo Falmata, mai tuyar ƙosai. Kullum sai ta ce, "Baƙon da ba ya kai ƙiftawar ido ya ɓace, shi ka bar dangi dominsa?"

A ciwonsa na ƙarshe, likita ya tambaye mu aikinsa. Kafin mu buɗe baki, Gwaggo ta ce, "Ba bam ba ne, ɗana. Baƙo suke sakawa cikin ƙwayar zarra, su auna haskensa, su ga ko maigida na jansa ko yana ture shi."

Sai ga Baffa zumbur a zaune, saura kaɗan ya fizge ƙarin ruwa. "Ta gane! Jama'a ku shaida, Yaya ta gane!"

"Kwanta, ni! Wannan cika kunnen naka, ko bango ne ai ya gane."

Ya kwanta yana dariya har da hawaye, hannunta cikin nasa. Ban taɓa ganinsa da farin ciki irin na ranar ba, kuma bai ƙara mako ba.

Allah ya jiƙanka, Baffa. Allah ya haskaka kabarinka, ya sanar da kai abin da ka rayu kana nema.