Na Tsayar da Samari Zaɓe, Aka Tuɓe Kawuna

Ina gaida masu karanta wannan mujalla. Yau tsoho ne ni, amma lokacin da abin nan ya faru saurayi ne ni, ban daɗe da komowa daga ci-rani a Kurmi ba. Na yi shekaru ina dako a Kumasi, kuma a can na fara ganin talakawa sun yi layi suna jefa ƙuri'a ba mai tsawata musu. Garinmu ƙarami ne a ƙasar Kurfai, ba nisa da Tabla. Maigari kawuna ne, shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, shi kuma ya yi mini guzurin tafiya.

Annasara na mulki har lokacin, sai aka yi shela cewa bayan girbi za a zaɓi waɗanda za su zauna majalisa a Yamai, kuma duk baligi yana da ƙuri'a. Samarinmu ba su ɗauki abin da muhimmanci ba. Hatsi na shiga rumbu, hankalinsu ya koma kan hanyar Kurmi. Ba wanda ya sa ni, ba wata jam'iyya da ta san da ni, na ɗora wa kaina aikin tsayar da su. Ina bin su wurin gayya, ina tare su bakin rijiya in sun zo ban ruwan dabbobi, ranar kasuwar Filinge mu tafi tare ina yi musu bayani a hanya. Ban taɓa ce wa kowa ga wanda za shi zaɓa ba. Abin da nake maimaitawa shi ne su dakata har ranar ta wuce, ƙuri'a a asirce ake jefa ta, ba abin da za shi biyo baya.

Wata rana bayan la'asar kawu ya kira ni zaure. Ya gaya mini a bariki, wurin hukumar Annasara, an nuna wa masu gari ɓangaren da ake so, kuma dattawa sun isa su yi abin da aka ce. Ya roƙe ni in ƙyale yaran su yi tafiyarsu. Na ce mishi doka ta ce ba mai sanin abin da wani ya jefa. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ba a sanin hannun da ya jefa, amma akwati da sunan gari yake zuwa." Na amsa da ladabi na tashi, a raina ina ganin tsoron Annasara ne irin na tsofaffi. Na ci gaba da abin da nake yi.

Ranar zaɓe samari suka fito ƙwansu da kwarkwatarsu, har da 'yan matan da suka isa. Yawancinsu sun taso suna jin labarin aikin dole da iyayensu suka sha, don haka ba wuya a gane inda suka karkata. Da aka buɗe akwatin garinmu, ɓangaren bariki ya sha ƙasa. Na yi murna ranar nan, ba zan ɓoye ba.

Ba a jima ba aka aiko kiran kawu daga bariki. Ya yi kwanaki yana zaman jira a rana kafin a saurare shi, daga ƙarshe aka ce ya tsufa, gari ya fi ƙarfinshi. Aka tuɓe shi, aka naɗa wani daga gidan da suka daɗe suna neman sarautar. Na shirya in je in ce ni na yi, ya hana ni, ya ce kama ni ba za shi maida mishi komai ba, sai dai a ƙara wa gidan asara. Samarin da na tsayar suka tafi Kurmi a makare, suka tarar an riga su wuraren aiki. Wasu da suka ji sabon maigari na bin diddiginsu ba su sake komowa ba. Uwayensu suka daina amsa gaisuwata. Matar kawu ta daɗe ba ta dube ni ba.

Ban sake fita ci-rani ba. Na zauna ina noma mishi gona har Allah ya ɗauki ranshi. Wata damina muna hutawa ƙarƙashin gawo na roƙe shi gafara. Ya ce sarauta ta Allah ce, wannan ya wuce. Sai ya tambaye ni ko na gaya wa yaran abin da ya faɗa mini a zaure, su zaɓi tsayawa ko tafiya da idonsu buɗe. Ban gaya musu ba. Na ji tsoron in sun ji za su watse. Ya ɗauki kalminshi na noma ya koma aiki.

Har yau ban ga laifi ga kiran matasa su fito zaɓe ba, jikokina ma ni ke tashin su ranar ƙuri'a. Amma duk mai wannan aiki, ina roƙon shi ya saurari wanda ya riga shi sanin wurin, ya tambayi kanshi wa za shi ɗauki nauyi in abu ya ɓaci. Kuma ya faɗa wa matasa gaskiya dukanta, har da wadda za ta iya rage mishi jama'a. Ni na yi musu alkawarin abin da ba ya hannuna, kuma wasu ne suka ɗauki wahalar.