Na Hana Mai Haƙa Mana Kabari Wurin Binne Matarsa

Da can, mu Kiristocin Dakoro majami'a ɗaya gare mu da maƙabarta ɗaya. Majami'ar ginin laka ce da rufin kwano, maƙabartar kuma wani ɗan fili ne a bayan gari da muka kewaye da aguwa, muka sa mashi ƙofar langa-langa da kwado. Yau majami'ar tana nan, har an yi mata siminti, amma maƙabartunmu biyu ne, kuma ni ne sanadin ta biyun. Abin da ya sa na rubuto wa wannan mujalla ke nan. Na tsufa, kuma ban taɓa ba da labarin yadda yake ba, ko a gaban ikilisiya.

A lokacin ni ne babban dattijon ikilisiya. Na yi shekaru ina tuƙa kamiyon shanu, daga Agadas har Kwatano da Lome, na sauka Jos da Ikko ba adadi. Ina jin Faransanci da Fillanci da Tamashek, da ɗan Yarbancin kasuwa. Da na bar tuƙi na dawo gida, duk takardar da ta shafi ikilisiya ni ke karanta ta. Takardar filin maƙabarta da meri, wato ofishin magajin gari, ta ba mu a akwatina take, tare da mabuɗin kwadon. Na ga garuruwan da majami'u biyar ke jere kan hanya ɗaya, kowace da allonta da gangarta, ina dawowa ina ba mutanenmu labari muna dariya, ina cewa mu nan ba mu da yawan da za mu yi wannan shashanci. Gidajenmu ba su kai ashirin ba cikin garin Musulmi. In ɗayanmu ya mutu, dukanmu ke ɗaukar sa.

Ina da wani amini, mahaƙin rijiya, wanda aka yi mana baftisma rana ɗaya. Na girme shi da kaɗan, don haka yaya yake ce mani. Wanda ya san zurfin rijiyoyin ƙasarmu ya san irin ƙarfin mutumin da ke wannan sana'a. Shi ke haƙa mana kabari duk lokacin da aka yi rashi, bai taɓa karɓar komi ba. Matarsa ce ta karɓi haihuwar ɗiyata, ita kuma ɗiyar tawa tun tana rarrafe take kiran su Baba da Inna.

Wani rani ya tafi aikin rijiya kudu, ya zauna wata biyar gidan wasu masu bin koyarwar Adbantis, waɗanda mu muke ce wa ƴan Asabar. Da ya dawo, a wurin shayi na fara ganin canji. Kullum da la'asar yakan zo ƙofar gidana in hura garwashi, mu sha na fari da na biyu da na uku. Ran nan na miƙa mashi finjali ya ce in yi haƙuri, ya bar shayi, ya bar goro, jiki ba namu ba ne. Na yi dariya na ce to wa ya raba shi da hankalinsa a kudu. Sannu a hankali sauran maganar ta fito: ranar hutu ta gaskiya Asabar ce, daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa faɗuwar ranar Asabar, ba a aiki, ba a ciniki, matattu kuma ba su tafi ko'ina ba, barci suke yi cikin ƙasa, ba su san komi ba sai ranar tashin matattu. Mu kuwa masu bishara abin da muka tashi a kai shi ne mai bi yana rufe ido a nan yana buɗe shi a gaban Ubangiji.

Shekara guda muna gardama ƙarƙashin itacen bedin majami'a bayan sujada, kuma gaskiya ina jin daɗinta. Ni in buɗe Littafi Mai Tsarki na Faransanci da na Hausa in jera mashi ayoyi, shi yana bin nasa da yatsa, baƙi ɗaya bayan ɗaya. Yakan ce mani, yaya, ko da harshe bakwai ka ƙirga kwanaki, ta bakwai ɗin tana nan inda take. Ni kuma in ce mashi wanda ya ƙare rayuwarsa cikin rami dole ya so addinin kwana a rami. Mutane su yi dariya, a watse. Gida uku suka bi ra'ayinsa, amma duk suna zuwa sujadar Lahadi, kuma babu wanda ya kore su.

Sai matata ta rasu cikin damina. Shi ya haƙa kabarinta, hawaye na zuba kan daginsa. Fastonmu, yaro ne sabon zuwa, ya yi wa'azi ya ce yanzu haka tana gaban Ubangiji tana waƙa, ciwo ya ƙare. Wannan maganar ce kaɗai ta riƙe ni tsaye. A rana ta uku ta zaman makoki ina bayan zana ina wanke fuska, na ji ɗiyata, lokacin tana da shekara goma sha shida, tana tambayar aminina ko uwarta tana ganin ta yanzu. Ya ce mata shi ba zai yi mata ƙarya ba, uwarta tana barci ne, ba ta gani ba ta ji, sai ranar da za a tashe ta. Na ji yarinyar ta fashe da kuka. Ban fito ba. Na tsaya da buta a hannu, ina ji kamar ya shiga sama ya jawo matata ya mayar da ita cikin ramin da ya haƙa. A wurin na yi alkawari da zuciyata cewa sai ya ɗanɗana maganarsa.

Ban yi gaggawa ba. Tuƙi ya koya mani jiran hanya. Bayan wata biyu shi da mabiyansa suka roƙi a bar su su riƙa taruwa a majami'a ran Asabar, tunda a rufe take wuni. Faston ya so ya yarda. Na tara dattawa na ba su labarin yadda na ga ikilisiyoyi sun tsage a Lome da Jos daga irin wannan ƙaramar ƙofa, na ƙara gishiri inda labarin bai kai ba. Wa zai musa wa mutumin da ya ga teku? Aka hana su majami'a, aka hana su jibin Ubangiji, daga baya aka cire sunayensu. Sannan na kawo abin da nake nufi tun farko: na rubuta doka da Faransanci cewa maƙabarta ta waɗanda ke cikin zumuntar ikilisiya ce kaɗai. Na fassara masu ita sama-sama, suka sa hannu, wasu suka dangwala yatsa. Na ninke ta na sa cikin akwati. Duk ranar da na buɗe akwatin na gan ta, sai in ji sanyi a raina.

Shekara huɗu na jira. Mukan haɗu a kasuwa ya gaishe ni da yaya, in amsa da hanci. Sai wata Juma'a cikin bazara, zafin nan da ke sa awaki su lafe jikin bango, aka ce matarsa ta rasu da hantsi a gidan likita. Ina jin labarin na san zai zo, na kuma san lissafinsa. Gawa ba ta kwana biyu a wannan zafi, shi kuma ba ya taɓa dagi in rana ta faɗi. Yana da daga azahar zuwa magariba, ba ƙari.

Ya zo bayan an sauko daga masallacin Juma'a, dagi da felu a kafaɗa, idanunsa ja. Ya durƙusa ya ce yaya, ƙanwarka ta tafi, a ba shi mabuɗi. Na yi mashi gaisuwa yadda ya kamata, na shimfiɗa tabarma, na ce ya zauna, ba a maganar kirki a tsaye. Sai na hura garwashi. Kowa a ƙasar nan ya san ba a katse mai gida yana shayi, kuma ba a tashi kafin na uku. Na dafa na fari a hankali, ina ɗaga buta sama ina zubawa ina mayarwa har kumfa ta yi yadda nake so. Na miƙa mashi, ya ce na gode, na shanye nasa da nawa. Na sa na biyu. Yana duban inuwar bango yana murza hula. Ya ce yaya, rana tana tafiya. Na ce ai ranar tasa ce, shi ya fi ni sanin tafiyarta. Ina cikin na uku aka kira la'asar. Ban taɓa shan shayin da ya yi mani daɗi kamar na ran nan ba, kuma wannan ita ce gaskiyar da ta fi yi mani nauyin rubutawa.

Da na wanke finjalai na shiga ɗaki na fito da takardar, na karanta mashi ita da Faransanci daga farko har ƙarshe, alhali na san ba ya ji. Sannan na faɗa mashi da Hausa abin da na shekara huɗu ina gyarawa a bakina. Na ce tunda matarsa barci take yi, ba ta gani ba ta ji, ba za ta san inda aka kwantar da ita ba, ya je ya sa ta ko'ina. Bai zage ni ba. Ya ce dama yana so ne ya sa ta kusa da ƙawarta, akwai wuri a gefen kabarin matata da ya bari tun ranar. Ya ɗauki kayansa ya tafi.

Sauran labarin daga bakin ɗiyata na ji shi, don tana jin abin da na yi ta yafa zane ta fita ba ta ko dube ni ba. Sun ɗora gawar kan amalanken shanu suka nufi gonarsa a hanyar Rumbu. Ƙasar wurin tauri gare ta, ga shi tsufa ya fara kama shi. Rana ta faɗi ramin bai wuce ƙugu ba. Abin da na shirya ke nan: ko ya karya Asabar ɗinsa a gaban mabiyansa, ko ya bar matarsa a fili. Ta ce ta gan shi tsaye cikin ramin riƙe da dagi, ya kasa ɗagawa ya kasa ajiyewa. Sai maƙwabcin gonarsa, wani dattijo Musulmi daga cikin mutanen arewa da suka zauna nan, wanda ya biyo su da ƴaƴansa maza, ya miƙa hannu ya ce mashi ya fito, Juma'arsu ta fita, Asabar ɗinsa ta shiga, ya ba su dagin. Su suka ƙarasa ramin, suka koma gefe suka tsaya har aka gama addu'a.

Washegari dattijon nan ya zo ƙofar gidana. Da Tamashek ya yi mani magana don kada yara su ji. Ya ce shi bai san abin da ke tsakanin Asabar da Lahadi ba, amma rijiyar da yake shayar da raƙumansa mutumin nan ya haƙa ta, kuma a iyakar yawonsa bai taɓa ganin inda aka sa wa maƙabarta kwado don a hana gawa shiga ba. Na ce doka ce. Ya ce to Allah ya ba dokar lafiya, ya tafi bai zauna ba.

Wadda ta karya ni ɗiyata ce. Kwana uku ba ta yi mani magana ba, a na huɗu ta ajiye mani tuwo ta ce tana da tambaya: don wa na yi abin da na yi? Na ce don ita, don kukan da aminina ya sa ta. Ta ce Baba, ashe ba ka taɓa tambayata kukan me na yi ba. Ta ce tun ranar da faston ya ce uwarta tana sama tana kallo ta kasa barci, tana tunanin uwar tana ganin yadda gidan ya lalace, tana ganin ni ina kuka a ɓoye, ga ta ba ta da ikon yin komi. Da aka ce mata barci take yi sai ta ji an sauke mata kaya, kukan sauƙi ta yi. Ta ce har yau ba ta san wa ke da gaskiya tsakaninmu ba, kuma ba ta bar Lahadi ba, amma Innar da ta yanke mata cibiya tana kwance cikin gonar hatsi saboda ni.

Na so in je wurin aminina, girman kai ya riƙe ni damina biyu. Da na je, na tarar ya kewaye kabarin da aguwa kamar yadda muka yi wa namu. Na ce mashi zan yaga takardar, a tono ta a mayar kusa da ƙawarta. Ya ba ni ruwa na sha, ya ce yaya, ya yafe tun daɗewa, amma ba ya tashin mai barci. Bayan shekara uku ya rasu, aka sa shi gefenta. Ni na roƙi a bar ni in riƙe felu, aka bar ni, amma ban iya haƙa ko kamu ɗaya mai kyau ba.

Har gobe ina kan abin da na gaskata game da Lahadi da matattu, ban canza ba. Amma na gane ba koyarwa na kare ba ranar da na hura garwashin nan. Ciwon raina na rama, na lulluɓe shi da takarda da ayoyi, dattawa kuma suka sa hannu don sun yarda da ni. Ina gargaɗin duk wanda aka ba mabuɗin wani abu na jama'a, majami'a ko masallaci ko maƙabarta, in ya ji daɗi na taso mashi lokacin da zai ce a'a, ya ajiye mabuɗin ya kira wani. Wanda kuma yake fushi a madadin wani, ya fara tambayar mai abin ko ya ji ciwo.

Na yaga takardar, na mayar wa fasto mabuɗi, an cire kwadon. Babu ko ɗaya daga cikin gidajen nan uku da ya sake kawo gawarsa wurinmu. Suna kai nasu gonar hanyar Rumbu, mu muna kai namu bayan gari, kuma wurin da ya bari a gefen matata har yau babu kowa a ciki.