Farashin Tuwon Nata'ala

Duk ɗan Arewa da ya zauna a unguwar Hadayek el-Maadi ta Alƙahira a shekarun nan na bayan juyin juya halin Masar ya san ɗakin Malam Nata'ala, ko da hancinsa ne. Tun daga ƙasan bene ƙamshin daddawa ke tarar mutum. Ni maƙwabcinsa ne, ƙofata na kallon tasa, saboda haka na sha tuwonsa, na kuma sha surutunsa fiye da kowa.

Mutumin Maigatari ne. Karatun Shari'a ya kawo shi Alƙahira, sai nahawu ya kayar da shi sau biyu, tallafin karatu ya yanke. Maimakon ya koma gida a yi masa dariya, ya sayi tukunya. Shi da matarsa Khairat suka mai da falonsu wurin cin abinci: tuwon shinkafa da miyar kuka da rana, ƙosai da kunu da safe. Da wannan tukunyar suke biyan haya, da ita suke ciyar da 'yarsu Duaa. Ba su da wani abu bayanta.

Abin da ya bambanta shi da sauran masu abinci shi ne rediyo. Yana tuƙa tuwo yana sauraron labaran Amurka, ƙasar da bai taɓa takawa ba, bai ma taɓa neman bizarta ba. Lokacin zaɓensu na 2012 ya ɗauki ɓangare kamar ƙanensa ne ke takara. Yana tare da masu ra'ayin riƙau, masu cewa a rage haraji, gwamnati ta cire hannunta daga kasuwa, a bar kaya su ƙetare iyaka ba tare da an tatse mai su ba. Ɗalibai suka laƙaba masa Sanata.

"Sanata, me ya haɗa ka da harajin Amurka?" in ji su.

"Haraji ko'ina sunansa haraji," in ji shi. "Na ga babana ya kawo kanwa daga Nijar, kafin ya shiga kasuwa an tare shi a shinge bayan shinge. Wanda bai ɗauki buhu ba ya fi wanda ya ɗauka ci. Ku je ku duba babin tas'iri a fiƙihunku, ku ga abin da malamai suka ce kan ƙayyade wa ɗan kasuwa farashi. Wannan babin dai na ci shi."

Ni ban yarda da rabin maganarsa ba, har yau. Nakan ce masa burodin nan mai arha da talakan Masar ke rayuwa a kansa, ai gwamnati ce ke tallafa masa. Sai ya ce in je in ga layin sayensa. Ranar da ɓangarensa ya faɗi zaɓe, miyar ta yi gishiri, muka ci a haka muna yi masa ta'aziyya.

Amma ga inda muke kama shi. Mutumin da ke zagin kayan banza bai taɓa sallamar kowa ba tare da gyara ba. Ka sayi ƙosai, sai ya ɗora maka biyu a kai. In kuwa ya lura aljihunka ya bushe, gyaran kan fi abin da ka saya. In muka tsokane shi, sai ya ce, "Wannan hannuna ne ya bayar. Ba wanda ya murɗe shi."

Sai aka shiga wahalar gas. Anbuba, tukunyar gas ɗin girki, ta zama abin nema ruwa a jallo. A wurin gwamnati tana da arha amma babu ita, a hannun masu kewayawa da ita a keke akwai ta amma da tsada. Nata'ala ya ƙara kuɗin kwano. Bai ɓoye ba, bai rage tuwon ba.

Ɗalibai suka ji a jikinsu, domin da yawansu kuɗin gida ba ya zuwa a kan kari. Shugaban ƙungiyarsu ta unguwar, Ustaz Ja'afar, mutum ne mai tausayi, kuma ba na faɗin haka don ba'a. Ya tara masu abinci uku da ke ciyar da mu, ya ce ƙungiya ta yanke farashin kwano, wanda ya wuce shi za a ƙaurace masa. Biyu suka amince. Nata'ala ya goge hannunsa da tsumma.

"Ustaz, ka yanke wa mai anbuba nasa farashin?"

"Ba ni da iko a kansa, Malam."

"To a kaina ma ba ka da shi. Khalas, magana ta ƙare."

Aka ƙaurace masa. Falon da ake rasa wurin zama ya koma sai ni da ƙudaje. Har aka sa wani ɗalibi mai suna Harun ya riƙa zama a bakin bene yana tunatar da masu mantuwa. Harun siriri ne, marar magana, kuma kowa ya san rabin cikinsa gyaran Nata'ala ne ke cika shi. Yana zaune a wurin kansa a sunkuye, ƙamshin na sauko masa. Abin ya ba ni haushi ƙwarai.

Ta bango nakan ji Khairat. "Baban Duaa, mutanen rediyon nan naka, in mai gida ya zo karɓar haya, su za su buɗe masa ƙofa?"

"Ki yi haƙuri. In sun ƙi saye, wasu za su saya. Kasuwa ba ta ɗalibai ba ce kaɗai."

Ya ɗauki faranti ya nufi bakin tashar jirgin metro da ƙosai. Mutumin da ya zo ƙasar nan don ya koma da rawani, ga shi tsaye kusa da mai ful, dafaffen waken Masar, yana kiran ciniki da Larabcin aji. Misirawa suka ɗanɗana, suka ce ai ta'amiya ce, irin ƙosansu, da ta manta da ganye. Ranar farko wata tsohuwa ta biyo shi da sauri ta mayar masa da ƙosai biyu, ta ce ya yi kuskure, ita ba ta cin haram. Ya yi ta bayani cewa a garinsu haka ake yi, ta dube shi kamar mai taɓin hankali. Bayan ɗan lokaci ita ce ke kawo masa maƙwabtanta. Duk da haka abin da faranti ke kawowa bai kai na falo ba. Ya rame. Babbar tukunyar tuwo ta koma saman kabad, Khairat ta cire 'yan kunnenta, ban tambayi inda suka tafi ba.

Su kuma masu abincin da suka amince, ɗaya ya riƙa rage malmala har ta koma kamar ƙwai, ɗayan ya rufe ya koma gida. Ɗalibai suka koma ful safe da yamma.

Wata Juma'a bayan la'asar Ja'afar ya hawo bene, Harun na bin sa a baya. Ina falon. Ya zauna da ladabi, ya ce sun sake shawara. Nata'ala ya dawo da tuwo a farashin ƙungiya, ita kuma ƙungiya za ta riƙa saya masa anbuba duk wata.

Nata'ala ya dubi anbubar da ke kusurwa, wadda ba komai a cikinta. Ya dubi labulen da Khairat ke tsaye a bayansa. Wallahi na so ya karɓa, har na fara yi masa alama da ido.

"Kuɗin daga ina, Ustaz?"

"Za mu ƙara kuɗin ƙungiya. Kowa zai bayar."

"Har wanda ba ya cin tuwo?"

"Kowa da kowa."

"Har Harun?"

Ja'afar ya dubi Harun. "Doka ba ta ware kowa ba."

"To ma'alish, a yi haƙuri. Na gode, Allah ya san na gode. Amma ba za a matse yaron nan a zuba mini a tukunya ba, sannan in miƙa masa kwano ya ce mini an gode. Gobe zan tuƙa tuwo, a farashina. Wanda ya ga dama ya hawo."

Ja'afar ya tafi ransa ba daɗi. Daga bayan labule sai muka ji ana jan kujera, ana sauko da babbar tukunya daga saman kabad.

Washegari Nata'ala ya sayo anbuba da cinikin ƙosansa, ya hawo da ita bene a kafaɗa yana haki. Tuwo ya nuna, miya ta yi. Muka zauna, ni da shi da ƙofa a buɗe. Azahar ta wuce. Bai kunna rediyo ba.

Sai muka ji taku a bene, a hankali. Harun ne. Ƙauracewar ba a janye ta ba, kuma shi ne mai gadinta. Ya tsaya a ƙofa ya miƙo abin da ke hannunsa.

"Malam, na rabin kwano gare ni."

Nata'ala ya karɓa, bai rage masa ko kwabo ba. Ya yanka rabin malmala daidai ya sa a kwano, ya zuba miya. Sannan ya sake kai mara cikin tukunya, ya ɗebo wadda ta fi ta farko, ya ɗora a kai.

"Wannan fa?" in ji Harun.

"Zauna ka ci," in ji Nata'ala. "Hannuna ne."