Ranar da Injin Baba Ya Ƙi Kawo Ruwa

Kowa ya ɗauka babur ɗinta ne ya tsone min ido. Inna ta faɗa, matan layinmu sun faɗa, har malamar Islamiyyarmu ta ja ni gefe ta yi min nasiha a kan abin duniya. Duk sun yi kuskure. Kishi dai ina yi, ban musa ba, kuma har yau bai sake ni ba. Amma ba a kan babur ba ne. Ko jirgi ta saya, ita ta sani.

'Yar baffana ce, ƙanin Baba. Wata bakwai na ba ta, don haka Yaya take ce min. Rana ɗaya aka sa mu makaranta a nan Haɗejiya, benci ɗaya muka zauna. Ni ce mai zuwa ta ɗaya, ita kuwa sai an nemo ta daga ƙasan takarda. Tun ina firamare aka daina kiran sunana a gida, sai Likita. Duk ƙarshen zango Baba zai ɗauki sakamakona ya kai majalisarsu ta ƙofar masallaci, ya miƙa wa na kusa da shi ya ce, "Ka ga 'yata?"

A makarantarmu, in an gama aji uku na sakandare, a filin taro ake raba mutane. Masu ƙoƙari ajin kimiyya. Na tsakiya a ba su wani ajin. Sauran kuma a ce su je su koyi sana'a, da irin muryar da ake yin ta'aziyya. Cikin sauran nan ta faɗo. Aka tura ta wata cibiyar gwamnati a bayan gari. Ɗinki ta so, aka ce ajin ya cika, aka cusa ta ajin haɗa sola, su uku mata cikin maza. Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce mata, "To mai gyaran wuta, Allah ya tsare ki da shokin." Ta ce, "Amin, Yaya." Ita haka take, ba ta iya ramuwa ba.

Ni kuma na yi shekara uku ina koyon lantarki da alli. Kayan gwaji akwai su, a cikin kabad, a kulle. Malaminmu yana tsoron kar mu fasa, sai ranar da baƙi za su zo daga ma'aikata ake fito da su a jera a kan tebur, su tafi a mayar. Amma zane? Ko daga barci aka tashe ni zan zana miki yadda wuta ke tafiya a waya, layi a miƙe, babu gogewa. Na ci jarrabawa da kyau. Takardar tana cikin leda a ƙasan akwatin Inna. Shekara biyu ke nan ina neman gurbin karatun gaba, shiru.

A shekarun nan fadama ta canja. Manoman rani suka riƙa ajiye injin fetur suna kafa farantan sola a bakin gona. Baba ma ya kafa. Duk wanda nasa ya samu matsala, lambar wa zai nema? Tata. Daga Malam Madori a kira ta, daga Kaugama a kira ta. Tsofaffin da suka yi ta surutu ranar da ta fara hawa babur su ne yanzu ke ce mata Injiniya.

Duk wannan na haɗiye. Abin da ban haɗiye ba ya faru ne da bazara, tattasan Baba yana tsakiyar fure. A zafin nan, kwana uku babu ruwa furen ya zube, aikin rani gaba ɗaya ya tashi a banza. Sai injin ya tsaya. Baba ya shigo gida da hantsi ya ce, "Likita, sa hijabinki." Lambarta tana cikin wayarsa. Amma ya riga ya faɗa wa maƙwabtan gona cewa yana da mai kimiyya a gida, me zai sa ya kira wani?

Na buɗe akwatin da wayoyin suke haɗuwa. Na tsaya. Babu layi ɗaya a miƙe. Ja, baƙi, wata ta hau kan wata, ga yanar gizo-gizo, ga kashin ƙadangare. Na rufe. Na ce farantan ne suka yi datti. Na ɗebo ruwa na wanke su tas har suna ƙyalli. Ko ɗigo bai fito ba.

Washegari na zo da littafina na aji shida. Ina zaune a kan kunya ina buɗe shafi, wani tsoho mai gonar albasa kusa da tamu ya leƙo ya ce, "Likita, mara lafiyar ya farfaɗo kuwa, ko a aika a sayo likkafani?"

Na ce, "Baba tsoho, ka ji da albasarka."

"Albasata ta sha ruwa, 'yar nan. Tun asuba."

Baba ya nufi kogi. Ya naɗe wando ya shiga cikin kacalla, ciyawar nan da ta cinye bakin kogi, yana ɗebo ruwa da bokiti biyu. Mutumin da in ya yi ruku'u sai ya dafa gwiwa kafin ya miƙe. Haka ya wuni, kuma ruwan bokiti ina zai kai a gona guda? Kwana biyu ya ƙi kiranta don kar ya kunyata ni. Na sani, shi ma ya san na sani.

Rana ta uku muka tarar da fure fari-fari a ƙasa, layukan can ƙarshe duk sun sunkuyar da kai. Na ce, "Baba, kira ta."

"Ki ƙara dubawa mana, ko Allah zai sa..."

"Kira ta, na ce."

Ta iso kafin azahar, da jakar kayan aiki a baya. Ta durƙusa ta gaida Baba, ta gaida ni, ta fito da mita. Ta ce, "Yaya, riƙe min. Ja a nan, baƙi a nan." Ranar na fara taɓa mita da hannuna. Ni a wurina mita da'ira ce da harafi a tsakiya, na zana ta ya fi sau ɗari. Lamba ta fito a fuskarta, na san ma'anar lambar, na san lissafin da ke bayanta, amma da ni kaɗai ce ban san inda zan ɗora tsinken mitar ba.

Ta bi wayar da hannu har inda ta shige ƙasa, ta tona kaɗan. Wanda ya kafa injin da leda ya ɗaure mahaɗar, laima ta shiga, wayar ta yi kore ta rube. Ta yanke, ta feƙe, ta haɗa, ta naɗe. Ko shinkafa ba za ta nuna ba a lokacin da ta ɗauka. Bututu ya yi tari sau biyu, ruwa ya ɓalle.

Baba ya juya wajen tsohon mai albasa, fuskarsa duk dariya, ya ce, "Ka ga 'yata?"

Wannan ne. Ba babur ba. Kalma uku, nawa ne tun ina shekara bakwai. Na san 'yarsa ce, 'yar ƙaninsa ce, bai yi ƙarya ba. Amma ni ina tsaye a gefe da littafi a hammata kamar wadda ta zo kallo.

Da ta yi min gori da na samu abin riƙewa. Sai ta matso ta ce a hankali, "Wankin farantan nan ma ya taimaka, Yaya, ji ƙarfin ruwan." Wallahi na so in kwaɗa mata littafin.

Layuka huɗu na ƙarshe ba su tashi ba. Baba bai taɓa ambatarsu ba, ni ma haka.

Kwanaki na ji a rediyo ana cewa gwamnatin jiha za ta daidaita karatu da ayyukan da ake buƙata. Na ce sai yanzu? Wa ya ce mai ƙwaƙwalwa a ba ta alli, a hana ta mabuɗin kabad? Wa ya ce mita sai hannun wadda ta faɗi? Mu biyu aka cuta, ita aka kira ta daƙiƙiya a gaban jama'a, ni aka kira ni Likita aka sallame ni hannu wayam. Sai dai ita tata cutar ta zame mata abin yi.

Shekaranjiya na je gidansu. Ko zama ban yi ba na ce, "Ki koya min."

Ta ajiye cokali. "Likita da kanta?"

"Kar ki ja min rai."

Ta ce cibiyar za ta ɗauki sababbi bayan salla, kafin nan in zan iya ɗaukar jaka, ranar Asabar tana da aiki a Miga. Na ce mata ta sani, nan da shekara biyu zan wuce ta. Ta ce, "Allah ya sa, Yaya." Ko wannan ba ta bar min na ji daɗinsa ba.

Zan je in rubuta sunana, in zauna a benci ɗaya da waɗanda aka ce sun faɗi. Ranar Asabar kuma zan hau bayan babur ɗin nan, in rungume jakarta har Miga.