Madubin Idon Kawu Ilya

Duk wanda ya zauna Tamanrasset bayan babban fari ya san Kawu Ilya, yayan mahaifiyata, marubucin Alƙur'ani daga Damagaram. Kana yi masa sallama zai zare gilashinsa, ya naɗe a tsumma, ya soka aljihu, sannan ya amsa. Wai ƙarfin gilashi ƙarewa yake kamar sabulu.

"Izu sittin zan rubuta da shi," in ji shi. "Ba zan ɓata shi a kan fuskarka ba."

Kuma ahir ɗinka ka ce tabarau! "Tabarau na direbobi ne, baƙi, na ɓoye jan ido. Lunet na 'yan buro ne, ma'aikatan ofis. Nawa madubin ido ne."

Wata Juma'a ya rufta ramin da magina suka haƙa, madubin na aljihu. Muka zaro shi, haƙori biyu babu, jini har gemu. Ya laluba aljihu ya ce, "Alhamdu lillahi! Da a fuskata yake, da ya fashe."

Da ƙyar na ja shi asibiti. Likita ya ce farar yana ce ke rufe idon, sai an yi aiki a Aljer, babban birnin ƙasar.

"Kwana nawa?"

"Wata guda, Malam."

"Wata guda izu biyu ne. Issufu, tashi mu tafi."

A ranar, haushi ya hana ni cin abinci. Mutum na makancewa yana tattalin gilashi!

Sai wasiƙa ta zo daga gida: Hadiza, 'yarsa tilo, ta rasu wajen haihuwa. Shekara bakwai rabonsa da ita. An haɗo da hotonta. Kawu ya kwance tsumman nan, ya sa madubin, ya zauna yana kallonta tun azahar har la'asar. Babu wanda ya tsokane shi.

Yana gama izu na hamsin da bakwai idon ya rufe ruf. Na kasa riƙe bakina, na ce, "Kawu, da ka je Aljer..."

"Kai dai ba ka ganewa," in ji shi. "Madubin ne ya ƙare. Na san inda na kashe shi, kuma ban yi da-na-sani ba."

Bai kai azumi ba. Takardun suna wurina, na izu ukun da suka rage farare fes, kuma har yau na kasa bai wa kowa ya cika.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa, ya nuna masa Hadiza ido da ido. Amin.